TSOHUWAR BINDIGAR ISKA: SHEKARUNTA NA RUBUCE A JIKINTA

Daga Wakilinmu na Arewa, Potiskum

Kwanan baya aka kira ni Sabon Garin Nangere, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Nangere ta Jihar Yobe, don halartar rabon gadon wani kawuna, tsohon malamin firamare, Allah Ya jiƙansa. An raba gona, an raba awaki, ba wanda ya ɗaga murya. Amma da aka jawo wata tsohuwar bindigar iska daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin buhu, irin wadda ake harbin kurciya da hasbiya da ita, sai magana ta tsaya.

Babban ɗan marigayin ya ce tun suna yara suke jin wai wani Bature Di'o ne ya ba kakansu ita kafin samun mulkin kai a 1960, saboda haka kayan tarihi ce, a yi mata kuɗi mai tsoka. Ƙanensa ya ce ƙarfe ne mai tsatsa wanda ba ya ko tura harsashi, kuma a wannan zamani ajiye shi jawo wa kai magana ne, gara a miƙa wa 'yan gwangwan. Malamin da ke rabo ya ce shi ba ya sa wa abu kuɗi sai ya san ko mene ne. Abin da ya raba gardamar ba wani boka ba ne, tsumma ne da ɗan kananzir.

YADDA AKE GANE SHEKARU

Da aka goge bayan bindigar a hankali sai sunan Diana ya fito, tare da hoton mace maharbiya. Kamfanin da ke yin ta an kafa shi a garin Rastatt na ƙasar Jamus a 1890. Sa'an nan aka ga rubutun "Made in West Germany", watau an ƙera ta a Jamus ta Yamma. Mai karatu zai tuna cewa an raba Jamus biyu a 1949, aka sake haɗe ta ran 3 ga Oktoba 1990. Ke nan duk bindigar da ke ɗauke da wannan rubutu tsakanin waɗannan shekaru aka yi ta.

Wannan bai ƙaryata labarin Di'o ba tukuna. Abin da ya ƙaryata shi wasu lambobi ne huɗu 'yan mitsi-mitsi a gefen hagu na silindar, kusa da katako: 11 74. Tun cikin shekarun 1960 kamfanin ya riƙa buga wata da shekarar ƙira a wannan wuri. Bindigar kawu dai an yi ta a watan Nuwamba 1974, shekara 14 bayan tafiyar mulkin Turawa. Nan take uwargidan marigayin ta tuna cewa da kuɗin Udoji ya sayo ta, watau ariyas ɗin ƙarin albashi da Gwamnatin Janar Gowon ta biya ma'aikata a farkon 1975, lokacin da abokansa ke sayen babur da rediyo.

Akwai wata Dianar kuma da ke ruɗar mutane. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, an kwashe injunan kamfanin a matsayin diyyar yaƙi, suka faɗa hannun kamfanin Millard Brothers, wanda ya ci gaba da yin bindigogi da sunan Diana a Sikotlan har farkon shekarun 1980. Irin waɗannan rubutun jikinsu na nuna Birtaniya ne, ba Jamus ba.

Wanda kuma ya ga alamar bindigogi uku a jingine da juna, to, BSA ce ta birnin Birmingham a Ingila, kamfanin da aka kafa a 1861, wanda tsofaffinmu suka sani da keke da babur. Ya fara yin bindigar iska a 1905, ya fito da samfurin Airsporter a 1948, da Meteor a 1959. Saboda haka ba yadda za a yi Meteor ta zama ta zamanin yaƙin Hitila, ko wa ya faɗa. Haruffan da ke gaban lambarta su ke nuna zubin da aka yi ta a ciki da faɗin bakinta, ko .177 ko .22, watau milimita 4.5 ko 5.5.

GYARAN DA KE KASHE BINDIGA

Bindigar iska ba ta cin albarushi. In an karya bakinta ana danne wani ƙaƙƙarfan sifirin ne a ciki. Da an ja kunama sai ya saki, ya tura fistin, fistin ya matse iska, iska ta fitar da ƙwayar dalma. A kan fistin ɗin tsofaffin bindigogi akwai wata 'yar fata mai toshe iska, wata kuma a gindin bututu. Hunturu da zafin bazara irin na Yobe su ke busar da fatun nan, bindiga ta daina ƙarfi. Galibi ciwon ke nan, ba mutuwa ta yi ba.

Ƙwararren baduku na iya yanka sabuwar fata daidai da tsohuwar. Turawa kan jiƙa ta da man da ake tatsa daga ƙashin ƙafar shanu, abin da bai kamata ya gagari mutanen da ke maƙwabtaka da kasuwar shanu ta Potiskum ba, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma.

Kuskure uku ne suka fi yin ɓarna. Na farko, zuba man inji cikin silinda. In iska ta matsu takan yi zafi, man ya kama da wuta kamar a injin dizal, ya ƙone fata, ya karya sifirin. Na biyu, harbi ba harsashi a ciki, wanda ke sa fistin ya daki ƙarfe ba abin da ya tare shi. Na uku, wanda ya fi muni, kai ta wurin mai giranda ko a bi ta da samfefa don ta yi ƙyalli, a kuma shafa mata fenti. Nan ne suna da lamba da shekara ke tafiya, ba kuwa mai dawo da su. Tsatsa ta sama-sama mai da tsumma da haƙuri ke cire ta. Kada kuma wanda bai iya ba ya kwance bayan silinda, don sifirin a danne yake ko ba a ɗana ba, yana iya tsalle ya fasa wa mutum ido.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsoron ƙanen nan yana da dalili. Tun da aka sa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa a watan Mayu 2013, ba wanda ke son a ga wani abu mai kama da bindiga a ɗakinsa. Kuma Dokar Makamai ta 1959 ba ta ɗauki bindigar iska abin wasan yara ba. Ta sa ta aji ɗaya da bindigar farauta, wadda ba a riƙewa sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Gyaranta ma sai mai izini. Lasin da sunan mutum ɗaya ake ba da shi, ba a gadonsa kamar gona. A watan Agusta 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasin. Bindigar da aka kankare wa lamba kuwa, mai ita ba shi da bakin da zai kare kansa.

A Nangere dai an rabu lafiya. An rubuta suna da lambar bindigar a takardar rabo, an yi mata kuɗi daidai da abin da take, ta faɗa rabon babban ɗa, aka kuma sa shi ya je ofishin 'yan sanda ya bayyana ta, ya bi abin da suka ce. Labarin Di'o ya faɗi, amma jikoki sun sami na gaskiya, na malamin makaranta da kuɗin Udoji.

Jama'a, wanda ya tarar da irin wannan a ɗakin mahaifinsa, ya karanta jikinta kafin ya taɓa ta, ya je wurin hukuma kafin hukuma ta zo wurinsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.