Hatsi ma yana fure

Ƴan'uwa manoma, in aka tambaye ku shibkar da take fure, za ku ce wake, kuɓewa, kaɗa, yakuwa. Da wuya wani ya ce hatsi. Amma hatsi yana fure, kuma a wajen furen nan ne ake samun tsaba ko a rasa ta. Bununin da yake kama maku riga in kun ratsa gona a watan Agusta, daga furen hatsi yake fitowa.

Hatsi dangin ciyawa ne. Shi da dawa, da masara, da shinkafa, da alkama, da rake, gidansu ɗaya da gamba, da kyasuwa, da ƙarangiya. Kakan hatsi ciyawar daji ce, har yau tana fitowa da kanta a arewacin ƙasarmu, wajen Ayar. Mutanen da ne suka dinga zaɓen mai kai babba suna shibkawa, tun fiye da shekara 4000, har ya zama hatsin da muke ci.

Gane ɗan gidan ciyawa ba wuya. Ku jiƙa ƙwayar wake da ƙwayar hatsi. Ta wake za ta rabu biyu, ta hatsi ba ta rabuwa. In sun tsiro, wake yana fitowa da ɓari biyu masu kauri, hatsi kuwa da ganye guda kamar allura. Ku ɗaga ganyen hatsi ga rana, jijiyoyinsa a miƙe suke, kowace tana bin ƴar'uwarta. Na wake sun yi rassa kamar koma. Ku tumɓuke su. Saiwar hatsi gashi ce mai yawa. Wake yana da uwar saiwa guda da take nutsawa ƙasa, da ƴan ƙulle-ƙulle a jikinta. Ƙulle-ƙullen nan ba ciwo ba ne. A cikinsu ne ake tara abincin shibka daga iska, irin wanda muke saye cikin buhun takin ure. Shi ya sa gonar da ta sha wake take yi wa hatsi kyau.

Akwai wani abu kuma. Ƙaramin hatsi daga gindi yake girma, dab da ƙasa. In akuya ta cinye ganyensa, yana sake tohowa, har ya yi ƴaƴa a gindi. Wake kuwa in aka datse shi ƙasa da ɓarin nan biyu, ya mutu ke nan.

To, mu koma ga fure. Yawancin fure yana da mace da namiji. Sai garin namiji ya faɗa kan mace sa'an nan ake samun ƙwaya. Furen kuɓewa da na kaɗa suna da launi don su jawo ƙudan zuma, shi ma yana kai masu gari. Hatsi bai dogara ga ƙuda ba, iska ce manzonsa. Don haka furensa ƙanana ne, ba ado, dubbai a kan zangarniya guda.

In hatsi ya yi ciki ya fidda kai, ku je da safe ku duba da kyau. Za ku ga wasu farare siraran zare kamar gashin ɗan tsako. Suna fara fita daga saman kai, suna gangarowa ƙasa. Su ne matan. Sai bayan kwana 2 ko 3 mazan suke fitowa, ƴan jakunkuna masu reto, su saki gari. Shi ne bununi. Kafin mazan zangarniya su fito, mafi yawan matanta sun riga sun karɓi garin da iska ta kawo daga wani kara, ko ma daga wata gona. Ke nan tsabar da ke kan zangarniya guda uwarsu ɗaya, amma ubanni da yawa.

Kun ga dalilin da ya sa kwanakin bununi suke da hatsari. In ruwa ya ɗauke a lokacin, ko aka yi ta ruwa mai ƙarfi yana wanke garin, sai ku ga kai dogo mai kyau, a murza ba tsaba.

Dawa ba haka take ba sosai. Mafi yawan furenta da garin kansa yake ɗaukar ciki. Wake ya fi ta ma, yakan gama aikinsa tun furen bai buɗe ba. Gujiya ita ma haka, sai dai bayan furen ya yanƙwane takan tura wani tsinke cikin ƙasa, a bakinsa kwanso yake yi. Kada ku tsananta mata da hauya in ta kai nan. Saboda wannan hali, irin wake da na gujiya suna daɗewa ba su canza ba, in dai ba a cakuɗe su a buhu ba.

Hatsi kuwa yana canzawa. Wanda ya shibka Zango, maƙwabcinsa ya shibka wani iri, in sun yi bununi tare, abin da za su ɗebe ruwa biyu ne. Haka yake ga irin da ma'aikatar binciken noma INRAN take fitarwa. An kafa ta a 1975, tana da babbar gonar gwaji a Tarna, kusa da Maraɗi. Wani manomi yakan karɓi iri mai saurin nuna kamar HKP, shekarar farko ya ji daɗi, bayan ƴan shekaru ya ce an cuce shi, iri ya lalace. Ba a cuce shi ba. Iska ce ta aurar da irin ga hatsin gari. Masu gonar iri suna nisanta ta da sauran gonakin hatsi da ɗaruruwan mitoci. Talaka ba ya da wannan fili. Shi ya sa malaman gona suke cewa a sabunta irin hatsi bayan kamar damana 3.

Sai maganar shibra. Kun san ta: kara siriri, ƴaƴa da yawa a gindi, kai ƙarami, tsaba ƙanana masu kakkaɓewa da kansu. Shibra jinin hatsin daji ne da ya shiga na gida, ta hanyar bununi. Mun san abin da ya sa wasu suke barinta. Tana riga hatsi nuna, ana murza ta a yi kunu lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ba mu ga laifin mai yunwa ba. Amma ku sani, kowace shibra da ta yi bununi a tsakiyar gona tana zuba garinta a kan hatsinku mai kyau, tsabarta kuma tana zuba ƙasa ta jira baɗi. In kuna bukatarta, ku bar ta a gefe guda. Wurin da za ku ɗebi iri kuwa, ku cire ta tun wajen noman farko da maimai in kun gane ta. Wadda ta ɓoye, ku sare ta da zarar ta fidda kai. In kuka bari sai ranar girbi, an makara, aure ya riga ya ɗauru.

Ɗibar iri a gona ake yinta, hatsi yana tsaye, ba a bakin rumbu ba. A rumbu kai kaɗai za ku gani, a gona kuwa kuna ganin uwar duka: tsayinta, ƙarfin karanta, da ko ta nuna da wuri. Ku shiga tsakiyar gona, nesa da iyaka, don bakin gona shi ya fi shan bununin maƙwabta. Ku zaɓi kai cikakke, tsaba a matse tun daga gindi har sama, wanda murzuna ba ta ci ba, wanda bai yi baƙin gari ba.

Kada ku ɗebi iri daga kai 5 ko 10 kawai don sun fi girma. Hatsi ba ya son auren zumunci mai yawa. In dangi suka yi ta auren juna, kara yana raguwa, kai yana ƙanƙancewa. Ku tara kawuna da yawa, fiye da 100, daga wurare daban-daban na tsakiyar gonar. Ku shanya su su bushe sarai, ku ɗaure daminsu daban, ku yi masa alama yadda mai ɗibar hatsin tuwo ba za ta taɓa shi ba.