Idan murjani ya fara fari a tankin gida: yadda ake gane ciwonsa tun kafin a yi asara

Yawancinmu a wuyan iyayenmu mata muka san murjani, jan dutsen ado da ake ajiyewa don ranar biki. Ni kaina sai da na shiga kwalejin horon malamai na san cewa murjani dabba ce mai rai, kuma akwai masu kiwon wasu nau'o'insa a tankin gilashi mai ruwan gishiri a cikin falonsu.

Ɗaya daga cikinsu abokina ne da muka yi kwaleji tare, yanzu yana Kumasi. A tsakiyar zafin watan Maris ya bugo mini waya hankali a tashe: "Malam, murjanina na mutuwa!" Dumsor ta ɗauke musu wuta kusan yini guda, famfon da ke juya ruwan ya tsaya, bayan kwana biyu sai rassan suka fara fari. Har ya yi niyyar sayen magani ya zuba. Na ce ya dakata tukuna, mu fara sanin ciwon.

A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Su ke sarrafa haske su samar masa da mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launin ƙasa-ƙasa. Idan zafi ko haske ya yi yawa, sai ya kore su, naman ya zama garai-garai, farin ƙashinsa ya bayyana. Abin da ya faru ke nan a babban tudun murjani na Ostireliya a 2016 da 2017 da kuma 2024. A teku, ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da aka saba a lokacin bazara, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka.

To amma fari iri biyu ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Ka matso da ido ko ka sa gilashin ƙara girma. Idan har akwai siririn nama a kan ƙashin, 'yan bakunan suna leƙowa, yana da rai, yunwa ce ke barazana gare shi, kuma zai iya farfaɗowa cikin makonni ko watanni. Idan kuwa naman na saɓulewa kamar fatar da ta ƙone, ƙashin ya fito tsirara, wannan mutuwar nama ce. Wata tana cinye reshe cikin kwana ɗaya ko biyu, wata tana hawa a hankali daga gindi. A nan ba a jira: a yanke reshen da ke da lafiya, a ɗan ba da tazara daga inda ya lalace, a dasa shi daban.

Akwai kuma wanda ke rinewa ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Galibi datti ne ya yi yawa a ruwan, ko haske ya yi kaɗan. Nau'o'i masu kaurin nama kuma wani lokaci za ka ga wani abu mai yauƙi, launin ƙasa, ya lulluɓe kansu yana wari. Wannan yana yaɗuwa da sauri, sai a zuƙe shi da siririn tiyo, a fitar da kan da ya kamu.

Murjani ba ya magana, ruwan ne ke ba da labarinsa, don haka a auna. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Gishiri kusan giram 35 a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni. Alkaliniti tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, maganiziyam wajen 1,300. Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne kada su riƙa tsalle. Ka tuna ruwa ne ke tashi a tururi, gishiri yana nan, saboda haka ruwan daɗi tatacce ake ƙarawa, ba na gishiri ba. Ruwan famfo kai tsaye haɗari ne, haka duk maganin kifi mai tagulla a ciki, guba ne ga murjani.

Idan ma'auni ya nuna komai daidai, sai a nemi ɓarawo. Bayan an kashe fitila da awa ɗaya ko biyu, a haska tocila. Akwai tsutsotsi masu faɗi da ke cin Acropora suna barin tabo fari-fari, da wasu fararen dodon-koɗi marasa ɓawo da ke cin Montipora. Shi ma maƙwabci yakan yi ɓarna, domin wasu murjanan na miƙo dogayen hannaye da dare su harbi na kusa. Sabon murjani kuwa a tsoma shi a maganin wanki, a killace shi kafin ya shiga cikin sauran.

Da muka auna tankin abokina, zafi ne ya haura digiri 30, sauran duk lafiya lau. Ya rage haske, ya kunna fanka a kan ruwan, ya riƙa jefa gorar ƙanƙara a rufe, yana saukar da zafin sannu a hankali. Biyu sun mutu, sauran launinsu ya fara dawowa bayan wata biyu. Yanzu ya sayi famfon iska mai batir, kuma ya buɗe littafi yana rubuta awonsa duk mako. Shawarar da na ba shi ita ce wadda nake ba ɗalibaina a ajin kimiyya: ka canza abu ɗaya, ka jira ka ga sakamakonsa, sannan ka taɓa na biyu.