Fitilar Madafa: Wace Za A Saya, Ina Za A Rataye Ta?

A yawancin gidajenmu na ƙasar Karaye da Rogo, fitila mai kyau tana ɗakin maigida ko zaure. Madafa kuwa sai abin da ya rage. Amma a can ne ake aiki da wuƙa da wuta da tafasasshen ruwa. Cikin watan Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe shida, tun uwargida ba ta gama tuƙa tuwo ba. Mai gyaran kifin da aka kamo daga madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama ginawa a 1992, sau da yawa da magariba take yinsa. Wata za ka gan ta da tocila a baki, wata kuma ta sa yaro ya riƙe mata aci-balbal dab da murhu. Haka ake samun yanka da ƙuna, ko harbin kunamar da ta ɓuya cikin itace.

Inda haske ke faɗowa

Abin da ya fi girman fitila muhimmanci shi ne wurin da aka sa ta. Ga misali, in ƙwan lantarki yana tsakiyar rufi, mai aiki kuma ta fuskanci bango, to, hasken yana bayanta ke nan. Inuwar kanta za ta rufe hannuwanta da bakin tukunya. Saboda wannan ne a gidajen birni masu kabad a bango akan manna siririyar fitila a ƙarƙashin kabad ɗin, domin haske ya sauka kai tsaye a kan tebur.

Mu ma muna iya yin haka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. In akwai kantar da ake jera kwanuka, sai a manna fitilar a ƙarƙashinta, wajen bakin gaba, ba can jikin bango ba. Katakon zai tsare ido daga ƙyalli, hasken kuma ya faɗa kan aiki. Tsakanin fitila da tebur a bar kamar kamu ɗaya. Mai girki a murhun ƙasa kuwa, tana zaune a kujera, a rataye mata fitilar a gabanta ko a gefe, sama da kanta kaɗan. Kada a sa ta daidai bisa tukunya, gama tururi da hayaƙi za su lalata ta.

Wace iri ce?

Aci-balbal da fitilar ƙwai sun yi mana aiki shekaru da yawa, amma haskensu kaɗan ne, kuma suna ƙara hayaƙi a ɗakin da ya riga ya cika da shi. Gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016, tun ƙarshen 2022 kuma farashin lita ya haura naira dubu. Ban da haka, kananzir da aka gauraya da fetur yakan fashe lokacin da ake zuba shi a fitila. Yara ƙanana kuma sukan sha wanda aka ajiye cikin kwalbar lemo, suna tsammanin ruwa ne.

Fitilar da ta fi dacewa yanzu ita ce mai ƙwan LED. Tsohon ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne, ga shi LED ba ya zafi sosai. Tun da ba kowane gida ke da wutar lantarki ba, inda take kuma takan ɗauke, gara a zaɓi mai batir da ake cajinsa da farantin sola.

In ka je kasuwa, ko a gida ko Sabon Gari a Kano, duba abu uku a jikin kwali. Na fari, kalmar "lumen". Wat yana nuna wutar da fitila ke ci, lumen kuwa shi ne ma'aunin haske. Fitilar ƙwai ba ta kai lumen 50 ba. Don wurin girki nemi mai lumen 200 zuwa 300. Na biyu, launin haske. Mai lamba 6500K fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, yana dusashe launin nama da miya. Mai 2700K ja-ja ne, ba ya taimakon mai tsince tsakuwa cikin wake. Wajen 4000K shi ne tsaka-tsaki. Na uku, sa'o'i nawa take yi bayan caji ɗaya, kuma ko ana iya sāke batirin in ya mutu. Ka sa mai kanti ya kunna ta a gabanka, ka kuma karɓi rasit.

Kula da ita

Zafi shi ne abokin gāban batir. A ajiye akwatin batir nesa da murhu, kada kuma ya manne wa kwanon rufi. Farantin sola ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi, inda inuwar bishiya ba ta kaiwa. Lokacin hunturu ƙura takan rufe shi cikin kwana kaɗan, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi. Haka ma fuskar fitilar, domin kunkunniya tana cin haske. Wayar da za ta ratsa madafa a kama ta a bango, sama da inda hannun yaro zai kai.

Maigida, kafin ka buga ƙusa, jira dare ya yi. Bari uwargida ta zauna inda ta saba zama, ta ɗauki wuƙa da albasa, kai kuma ka riƙe fitilar kana matsar da ita har ta ce, "Yawwa, nan ne." Ita ce mai aikin, ita ta san inda inuwa ke damunta. Kuma in an rataye, a bar ta a nan. Kada 'yan makaranta su cire ta don karatu, ko a ɗauke ta zuwa hira a ƙofar gida, a bar mai girki cikin duhu.