Ƙanjamau a Gidan Yari

Binciken da aka gudanar a gidajen yarin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 2.8 cikin ɗari na fursunoni suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, wato ninkin abin da aka samu tsakanin sauran jama'a. Maganin wannan cuta kuwa kullum ake shan sa. Idan ɗauri ya katse shi, sai ƙwayar ta farfaɗo, tarin fuka ya sami ƙofa, musamman inda ake cunkoso. Manomin Maska da aka tsare a Funtuwa, wata rana ga iyalinsa zai koma. Saboda haka, gwada fursuna da ba shi magani kariya ce ga matarsa da abin da za ta haifa.