KAI KUKAN JAMA'A TA HANYAR INTANET

A da, in mutanen ƙauye suna da wani kuka, sai su kai wa mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, sa'an nan takarda ta kama hanyar birni. Wannan hanya tana nan, ba ta mutu ba. Amma yanzu an sami ƙari a kanta, watau wayar hannu da intanet. Mutumin Bangi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mariga a ƙasar Kontagora, yana iya ɗaukar hoton rijiyar burtsatse da ta lalace da hantsi, kafin azahar an gan shi a Minna da Abuja. Sai dai ba kowane kuka ne da aka gani ake share wa hawaye ba. Labarin wasu ƙauyuka biyu zai nuna irin wanda ake sharewa.

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasu. An tsabtace ƙauyuka da dama, amma aka bar Bagega ta ƙasar Anka tana jiran kuɗin aiki. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayyana cewa ba za ta iya fara yi wa yaran magani ba sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar da ke cikin gidaje, domin yaron da aka yi wa magani ya koma wasa cikin ƙurar nan, an yi aikin banza ke nan.

A 2012 wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa shirin Follow The Money, suka buɗe gangami a Twitter da Facebook da taken #SaveBagega. Abin lura shi ne ba su zauna a Abuja suna ta rubutu kawai ba. Sun taka har ƙauyen, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye. Buƙatarsu kuwa guda ɗaya ce tak: a saki kuɗin da aka yi alkawari. Sun kuma san ofisoshin da za su dama da saƙo, watau fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Dattawa. A watan Janairu na 2013 aka saki kuɗin, aka kankare ƙasa, likitoci suka fara aiki.

Ba a daɗe ba masifar ta ɓullo a Jihar Neja. A watan Mayu na 2015 hukumomin lafiya suka ba da sanarwar rasuwar yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi, maƙwabciyar Mariga. Aka sake bin wancan tsari da taken #SaveShikira, har aka soma aikin tsabtace Shikira a 2016. Fiye da shekara guda ke nan ana bibiya. Lalle a nan ne yawancin masu gangami ke gazawa, su yi zafi kwana uku, sa'an nan su koma kan wani zance.

Haka abin yake a fagen siyasa. Masu gangamin Not Too Young To Run sun nemi abu guda, a rage shekarun tsayawa takara. Sun bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, har aka sa wa gyaran hannu ran 31 ga Mayu, 2018, shekarun takarar Majalisar Wakilai da na majalisun jihohi suka sauko daga 30 zuwa 25.

Jaridun intanet masu zaman kansu, irin su Premium Times da aka kafa a 2011, su ne gada tsakanin ƙauye da ofis, amma ba su ɗaukar labari sai da shaida: sunan wuri, kwanan wata, da hoton da ba aronsa aka yi daga wata ƙasa ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun aikin gwamnati, kuma ta ɗora wa ofis ya amsa cikin kwana 7. Amsar da aka samu ta haka ta fi zage-zage dubu nauyi. Wanda kuwa ya yaɗa ƙarya da gangan don ta da fitina, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana iya hawa kansa.

A wuri kamar Bangi akwai abin da ya kamata a ƙara kiyayewa. Ba kowa ke karatun boko ba, saboda haka saƙon murya da Hausa a WhatsApp ya fi dogon rubutu isa ga jama'a, kuma gidan rediyo yana iya ɗaukarsa ya watsa. Har ila yau, tun da yankin ya sha fama da 'yan bindiga, kada a nuna fuskar wanda ya ba da labari, kada a ambaci unguwarsa, kada kuma a faɗi ranar da jami'an tsaro za su bi wata hanya.