TAMPOL NA ARAHA DA TAMPOL NA TSADA: WANNE ZA A SA WA MOTAR ƘUNGIYA?



Maganarmu ta wannan karo bisa rufin bayan mota take. Ƙauyuka da yawa cikin jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa suna da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira bashe. Wata ta ƙungiyar manoma ce, wata ta ɗan kasuwa ce da ake haya ranar cin kasuwa. Sunan ma daga rufin ya fito, don a Faransanci tampol shi ake ce wa bâche. Dattawanmu sun san Peugeot 404 da 504. Yanzu Toyota Hilux da Land Cruiser sun fi yawa bisa hanyoyinmu. Amma duk wadda aka hau cikinsu, kayan da ke baya a fili suke in ba a rufe ba.

Ƙaramar mota irin wannan, aikinta wajen tan 1 ne. Buhu 10 ke nan na hatsi mai kilo 100, ko buhu 20 na taki mai kilo 50. Buhun hatsi guda tiya 40 ne. Ku duba tiya nawa ke kwance bayan motar lokacin da hadari ya taso daga gabas, direba yana tsakanin Dakwaro da Maraɗi, babu rumfa, babu gida kusa. Saboda haka sayen tampol ba abin da za a bar wa yaron mota ba ne shi kaɗai. Ya kamata ƴan kwamitin ƙungiya su san abin da ake sayo musu.

Iri uku ake samu a kasuwa

Na farko shi ne na leda, sau da yawa shuɗi, wani lokaci kore ko fari. In kun duba shi da kyau za ku ga saƙa ce ta zaren leda, irin ta buhun taki, aka shafa mata wata leda siririya ciki da waje. Shi ne na araha. Ba shi da nauyi, yaro ma yana iya ɗauka. Ranar da aka saye shi ruwa ba ya wuce shi ko ɗigo. Abokin gabarsa rana ce. Cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, shi ke cin leda a hankali har ta bushe ta yi ƙarau. Kun san yadda buhun taki ke zama in an manta shi bisa darni wata biyu ko uku: kana taɓawa yana zama gari. Haka wannan tampol yake ƙarewa. In kullum yana bisa mota, da wuya ya ga damina biyu.

Na biyu shi ne irin na manyan motoci, mai kauri, mai santsi kamar fata. Cikinsa saƙa ce ta zare mai ƙarfi, an lulluɓe ta da robar da ake kira PVC. Shi ne na tsada. Yana jure rana da iska shekaru, kuma in ya yage ana yi masa faci ya zauna.

Na uku shi ne na yadin auduga mai kauri, irin na tantin soja, wanda aka jiƙa da maganin hana ruwa. Kuɗinsa ya fi na leda nesa. Abin da ya bambanta shi da sauran biyu shi ne yana numfashi: iska da gumin kaya suna fita ta cikin saƙar. Laifinsa, in aka naɗe shi da danshi sai ya yi fumfuna ya ruɓe, kuma gara tana son sa.

Akwai na huɗu da kuke gani bisa motocin ma'aikatu da na ayyukan raya karkara: murfi mai tauri na alminiyom ko na wata roba mai ƙarfi, wani ana ɗaga shi, wani ana ja ya naɗe, da makulli. Yana da kyau ga mai ɗaukar takardu da kayan aiki da ake tsoron sata. Kuɗinsa ya ninka na tampol mai kyau sau da yawa. Amma bangon bayan mota bai fi rabin metir ba, buhunanmu kuwa sun wuce nan, balle ragon layya ko damin harawa. Manomi ya cire shi daga lissafinsa.

Sikeli ya fi bakin mai sayarwa

Kowane mai shago zai ce nasa mai ƙwari ne. Hanyar da ta fi sauƙi ta gane gaskiya ita ce awo. Masu yin tampol da nauyi suke rarraba shi, wato giram nawa ke cikin murabba'in metir guda, metir 1 tsawo, metir 1 faɗi. Na leda marar ƙarfi wajen giram 100 ne, ko ƙasa da haka. Na leda mai dama-dama ya kan kai giram 200. Na manyan motoci yana tsakanin giram 600 da 900.

To ga lissafi irin wanda kuka koya a aji. Tampol mai metir 4 bisa metir 3, murabba'in metir 12 ke nan. In na giram 100 ne, nauyinsa kilo 1 da giram 200. In na giram 650 ne, nauyinsa kilo 7 da giram 800. Ku ɗora shi bisa sikelin ƙungiya. Wanda aka ce muku na babbar mota ne, kuka auna kuka samu kilo 3, ku mai da wa mai shi.

Bayan awo, ku ɗaga shi tsakaninku da rana. In kuna ganin ƙananan taurari na haske, ruwa ma zai bi nan. Ku naɗe gefe guda ku murza da ƙarfi. In wurin ya yi fari ko ya tsage, robar ba ta da kirki. Sa'an nan ku duba baki. A nan aka fi cutar mai saye. Tampol mai kyau bakinsa a ninke yake, da igiya ciki, kuma zobban ƙarfe da ake zura igiya suna zaune bisa ninki biyu ko uku. Na araha zobbansa siraran gwangwani ne bisa falle guda. Ja ɗaya mai ƙarfi, zobe ya fito da naman tampol ɗin. In akwai inda aka haɗa falle biyu, wanda aka manne da wuta ya fi wanda aka ɗinke, don kowane ramin allura ƙofar ruwa ne.

Lissafin kuɗi

Mu ɗauki misali, kowa ya sa kuɗin kasuwarsu a madadin waɗannan. A ce na leda jika 8 ne, kuma sai an sake shi sau 2 a shekara: jika 16 ke nan a shekara, jika 64 cikin shekara 4. A ce mai kauri jika 60 ne, ya yi shekara 4: jika 15 ke nan a shekara. Kun ga, bisa takarda kusan kunnen doki suka yi. Wanda ya tsaya a nan zai ce gara na araha, tun da ba a fid da kuɗi da yawa lokaci guda, kuma in an sace shi hasarar kaɗan ce. Maganarsa tana da hujja.

Sai dai akwai abin da bai shiga lissafin ba. Tampol na leda ba ya gaya maka ranar da zai mutu. Ba ya yagewa cikin gida lokacin da mota ke tsaye. Iskar da ke zuwa gaban hadari ita ke raba shi biyu, wato daidai lokacin da ake bukatarsa. Abin da ya jiƙe ran nan shi ne sauran kuɗin tampol ɗin.

Hatsi in ya jiƙe, aka yi sauri aka shanya, ana iya ceto shi, ko da yake ɗan kasuwa zai ji warin ya rage kuɗi. Takin ire, farin nan mai kama da gishiri, yana narkewa cikin ruwa, abin da ya saura ya dunƙule kamar dutse. Siminti ya tafi ke nan. Gujiya ita ce ta fi ba ni tsoro. In ta sha danshi cikin zafi, wata fumfuna tana kama ta, tana barin guba da ake kira aflatoksin. Gubar nan tana lalata hanta. Suya ba ta kawar da ita, dafuwa ba ta kawar da ita, kuma in an matse mai, cikin tunkuza da ƙuli-ƙuli take tsayawa, abin da yaranmu suka fi ci. Masara ma haka. Buhun da ya jiƙe bayan mota, aka kai shi mangaza aka jibge ba a shanya ba, ya zama cuta.

Don haka a ganina, motar da ke aiki dukan damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, tana ɗaukar taki da iri da abinci, ta cancanci mai kauri. Ƙungiya ta fid da kuɗin daga asusun haya, kamar yadda take fid da na taya. Wanda motarsa sai ranar kasuwa take fita cikin rani, ƙurar hunturu kawai yake karewa, na leda ya ishe shi, muddin yana cire shi ya ajiye a inuwa in ya dawo. Akwai kuma hanya ta tsakiya: tsohon tampol na babbar mota, a yanko wurin da ke da sauran ƙarfi, masu ɗinkin kujerun mota su yi masa baki da zobba. Ku shinshina kafin ku biya. In yana warin man mota ko maganin ƙwari, kada ya kusanci abinci.

Inda mai tsada ke yin ɓarna

Mutanen Galmi, Madawa da Ƙonni, wannan taku ce. Albasa tana da rai, tana numfashi, tana fid da gumi. Ana ciro ta cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce awo 40 a inuwa. In aka lulluɓe ta da tampol na PVC aka ɗaure tam, musamman baƙi ko kore mai duhu, bayan motar ya zama tanda. Gumi ya taru jikin tampol, ya ɗiga bisa buhuna, kwana kaɗan ruɓa ta soma daga wuya. Tumatir da kabeji da salati sun fi albasa saurin lalacewa. Ga irin waɗannan kaya, inuwa ake nema da iska. Na auduga ya fi, ko tabarmi, ko zana. In na roba kaɗai kuke da shi, ku rufe sama ku bar gefuna a buɗe, ku yi tafiyar da asuba ko da dare. Wajen saye kuma, mai farin launi ko ruwan toka ya fi baƙi sanyi.

Dabbobi da mutane ma haka. Kada a rufe tumaki ruf. Akwai wani hatsari da mutane da yawa ba su sani ba: in an rufe gaba da gefuna aka bar baya kaɗai a buɗe, iskar tafiya tana iya jawo hayaƙin bututun mota ya shigo ƙarƙashin tampol. Cikin hayaƙin akwai wata iska marar launi marar wari, mai sa ciwon kai da jiri da barci, har ta kan kashe. In kun ga yaro yana gyangyaɗi da amai bayan mota mai rufi, a tsaya, a fid da shi iska. A bar kafa daga gaba kullum don iska ta ratsa.

Ɗauri

Tampol na jika 60 da aka ɗaure sako-sako zai riga na leda mutuwa. Kaɗawa ita ke kashe tampol. Duk lokacin da kuka ji yana fat-fat bayan mota, zarensa ne ke karyewa. Ku ja shi ya miƙe. Maimakon igiya zalla, ku yanka tsohuwar robar cikin taya ku haɗa da zobba, don roba tana miƙewa ta dawo bisa gargada, igiya kuwa fizga take. Bakin gaba shi za a fi tsarewa: ku cusa shi ƙarƙashin kaya, bayan gidan direba, kada iska ta samu wurin shiga. Duk inda akwai tsini, kusurwar ƙarfe, bakin kwano, kan galma, ku sa tsohon buhu ko kwali tsakani.

Abu na biyu, kada ruwa ya kwanta. Ruwan sama milimetir 1 bisa murabba'in metir 1, lita 1 ne. Bayan mota mai gida ɗaya wajen murabba'in metir 3 da rabi ne. In aka yi ruwa milimetir 30, abin da ba baƙo ba ne cikin Agusta, sama da lita 100 ke nan, bido 5 na lita 20, nauyin buhun hatsi guda. In tampol ya lotsa a tsakiya, duk wannan nauyi bisa zobba yake. Maganinsa baka biyu ko uku na ƙarfe, mai walda ya yi su, su ɗaga tsakiya kamar rufin bukka. In babu baka, ku jera buhuna tsakiya ta fi gefe tudu.

Ruwa kuma ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Wanda ya gangaro yana taruwa bisa daɓen mota, buhun ƙasa ya sha. Ku buɗe ramukan da ke daɓen in ƙasa ta toshe su, ku shimfiɗa katako ko itace ƙarƙashin kaya. A nan tsohon tampol na leda yake da sauran amfani, ninki biyu ƙarƙashin buhuna.

Ƙaramin tsagu a yi masa faci ran da aka gan shi. Na PVC, a wanke wurin da sabulu, ya bushe, a yanko faci daga irinsa, a zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su ɗago, a manna da gam ciki da waje. Na auduga ɗinki ake yi masa, a shafa kakin zuma bisa zaren. In damina ta wuce, a wanke, a shanya har ya bushe sarai, a naɗe shi kamar tabarma maimakon ninki, a rataye shi cikin mangaza nesa da ƙasa, inda ɓera da gara ba su kai ba. Sakataren ƙungiya ya rubuta cikin littafi ranar da aka saye shi da kuɗinsa, da ranar da aka daina aiki da shi.