Ja da Yalo da Ƙurajen Fuska

A Makera, kamar a sauran garuruwan yankin Dutsin-Ma, ba sai mutum ya san sunan kafso ba kafin ya saya. Launi ake faɗa. Ja da baƙi shi ne ampisilin, ja da yalo kuma tetirasaikilin. Saurayi zai tsaya gaban kantar kemis bayan Magariba, ya tura hula baya ya nuna goshi, ya ce, "Dakta, dubi abin nan, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A ba ni na ɗari biyar." Sai a yanko masa 'yan ƙwayoyi daga kati da almakashi, a ce ya sha safe da yamma. Ba a tambaye shi me yake shafawa ba. In budurwa ce ko amarya, galibi ma ba ita za ta zo ba, ƙaninta za ta aiko da kuɗi a hannu.

Maganin kansa ba na banza ba ne. Tun shekarun 1950 likitocin fata ke ba da tetirasaikilin don ƙurajen fuska, kuma ƙaninsa doksisaikilin, wanda ya shigo kasuwa a 1967, shi ne har yau kan gaba a wannan aiki. Matsalar tana ga yadda ake shan sa a nan: ana kwasar illarsa kaf, amfanin kuma ba a kai gare shi.

Kowane ramin gashi a fuska da ƙirji da gadon baya yana da wata 'yar jaka da ke fitar da maiƙo. Da balaga ta zo, sinadaran jiki sukan sa maiƙon ya ƙaru, matacciyar fata kuma ta taru a bakin ramin ta toshe shi, kamar kwatar gida da shara ta cika. A cikin wannan maiƙo da ya rasa hanyar fita wata ƙwayar halitta mai suna Cutibacterium acnes take yaɗuwa. Ba baƙuwa ba ce, tana zaune a fatar kowane baligi. Idan ta yi yawa sai jiki ya tasar mata, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara ruwa. An kiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi ƙurajen, da yawa ko kaɗan. Saboda haka ba ƙazanta ba ce, ba dattin ciki ba ne, ba kuma alamar yaro ya matsu da aure ba ce, duk da tsokanar da abokan wasa ke yi. Ita ma gyaɗa da ake ɗora wa laifi, bincike bai kama ta da hujja mai ƙarfi ba.

Kafso yana rage ƙwayar, yana kwantar da kumburi. Amma ba ya rage maiƙo, ba ya buɗe ramin da ya toshe. Shi ya sa ƙananan ƙurajen nan masu baƙin kai ko farin kai ba ruwansu da shi. Wurin aikinsa shi ne ƙuraje masu kumburi da zafi, waɗanda suka bazu ko suka fara barin tabo. Ko a nan ma ba ya gaggawa: sai an yi mako 6 zuwa 8 ana sha kullum kafin a ga canji na kirki. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2021 ta tsayar da mako 12, tare da maganin shafawa, sannan a koma wurin likita ya duba. Likitocin fata na Amurka su ma wata uku zuwa huɗu suke nufa, kuma ba su yarda a sha shi shi kaɗai ba.

To ina na ɗari biyar zai kai? Kwana uku ko huɗu. Ƙurjin da dama zai bushe da kansa ya bushe, a yaba wa kafso, bayan mako biyu wani ya fito, a koma kemis. Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wato wadda ta ga fuska ta yi kyau ta ƙi sakin maganin, ta shekara tana sha.

Illar da aka fi saurin gamuwa da ita a maƙoshi take. Doksisaikilin yana da kaifi, kuma idan ya maƙale a hanyar da abinci ke bi zuwa ciki yakan ƙone wurin har ya yi gyambo. Mutum ya haɗiye shi da kurɓi ɗaya na ruwa, ko ma da yawu, ya hau katifa. Da safe ya tashi da zafi a tsakiyar ƙirji, ko ruwa ya haɗiya sai ya runtse ido. Daga nan sai a ce olsa ce ta tashi. Wannan ya fi sauƙin faruwa da azumi, lokacin da ake jefa magani a baki a ƙarshen sahur a koma barci. Rigakafinsa ba ya cin ko sisi: cikakken kofin ruwa, a tsaye ko a zaune, kuma kada a kwanta sai bayan aƙalla rabin awa.

Sai kuma batun nono, wanda ya shafi wannan yanki kai tsaye. Tetirasaikilin yana manne wa sinadarin kalsiyam da ke cikin madara, su dunƙule su wuce ta hanji ba tare da jiki ya tsotsa ba. Wanda ya kora ja da yalo da fura da nono ko kindirmo ya zubar da rabin maganin ko fiye. Haka yake yi da maganin ƙarin jini, haka da farin ruwan maganin olsa da ake girgizawa kafin a sha. A lura da yadda abin ke zagayowa: kafso ya ƙone maƙoshi, a sayi maganin olsa, maganin olsa ya kashe ƙarfin kafso. Ana so a bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakaninsu. Doksisaikilin bai kai yayansa jin madara ba, kuma gara a sha shi da abinci don gudun tashin zuciya.

Yana kuma sa fata ta kasa jure rana. Baƙar fata tana da kariya fiye da fara, amma wanda ke yini a fadamar noman rani ko cikin kwalekwale a madatsar ruwan Zobe ba a inuwa yake ba, balle wadda ta riga ta sisiye fatarta da man bilicin.

Inda abin ya fi ban tsoro shi ne juna biyu. Shekarun ƙuraje su ne shekarun aure ga 'yan mata da yawa a ƙauyukan Katsina, kuma gyaran fuska kan zo ne daidai lokacin biki. Duk dangin tetirasaikilin suna ratsa mahaifa su zauna a ƙashi da haƙoran da ke tsirowa. Yaron da uwarsa ta sha, musamman daga wata na huɗu, haƙoransa na farko kan iya fitowa rawaya ko ruwan toka. Idan kuma yaro ƙasa da shekara 8 aka ɗura wa, haƙoran dindindin ne ke rinewa, kuma babu asuwakin da ke goge wannan launi. Amaryar da ta ga al'adarta ta yi jinkiri ta ajiye kafson a ranar, ta je awo ta faɗi abin da take sha.

Wata matsalar ta mata ba a cika faɗinta a fili ba. Kafso ba ya tantance ƙwayoyin da ke cutarwa da masu tsaron jiki. Idan ya share masu tsaron gaban mace, sai fangas ya samu fili, ƙaiƙayi ya taso da farin ruwa mai kauri. Ita kuma ta ce sanyi ne ya kama ta, ta aika kemis, a haɗo mata wani kafson, wanda shi ne ya jawo abin tun farko.

Septrin, da wasu ke juyawa gare shi in ja da yalo ya gaza, ya fi duka haɗari. Wani lokaci yakan bar baƙin tabo zagayayye a leɓe ko a al'aura, wanda ke sake tashi a wuri guda duk lokacin da aka sha. Nadiran kuma yakan jawo cutar da likitoci biyu, Stevens da Johnson, suka bayyana a 1922: zazzaɓi, baki da idanu su yi gyambo, fata ta riƙa saluɓewa kamar ƙuna. Tana kisa, tana makantarwa. A nan karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ta daina zama karin magana. Minosaikilin, wani daga dangin tetirasaikilin, yakan sa jiri, ya bar shuɗin tabo a fata, wani lokaci ya taɓa hanta. Kuma duk wanda ke shan ɗaya daga cikin dangin tetirasaikilin ya ji ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko ya fara gani biyu-biyu, ya tsaya nan take ya nufi asibiti, don alama ce ta matsin ruwa a cikin kai, wanda ke iya lalata gani.

Na masu talla a faranti ranar kasuwa kuwa, wanda ya sha rana ya ƙoshi, ba a ma maganarsa. Tun 1963 likitoci a Amurka suka ba da rahoton mutanen da lalataccen tetirasaikilin ya taɓa wa ƙoda.

Akwai masu ƙurajen da ko buhun kafso suka sha ba za su warke ba, domin daga kwalbar man shafawarsu ciwon yake fitowa. Mayukan bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa ba suna, har da irin su Funbact-A da aka mayar man yau da kullum, da yawansu suna ɗauke da sitiroyid. Shi ma deksa, da ake sha don a yi ƙiba, sitiroyid ne. Ƙurajen sitiroyid suna da kama: ƙanana, girmansu ɗaya, su feso lokaci guda a fuska da ƙirji da kafaɗa. A Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Mai irin waɗannan ƙuraje, maganinta barin man, kuma in deksa ta daɗe tana sha, likita ne zai janye mata shi a hankali, don yanke shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin.

Asarar ƙarshe ba ta mai ƙuraje kaɗai ba ce. Ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin da ake yi musu ɗanɗane da shi. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan masu ƙuraje a ƙasashen Turai shida ya sami ƙwayar da ta daina jin magani a fatar fiye da rabin waɗanda aka gwada a kowace ƙasa, a Sifen ma sama da kashi 90. Kuma ba ƙwayar fuska kaɗai ke koyon wannan taurin kai ba, har da na hanji da na maƙogwaro. Doksisaikilin shi ake bai wa babban da kwalara ta kayar, kuma Katsina na cikin jihohin da annobar 2021 ta shafa, wadda aka ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa. Eritiromaisin da azitiromaisin, da su ma ake sha don ƙuraje, su aka dogara da su lokacin da mashaƙo ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga ya kiyasta cewa cututtukan da suka bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Ba don wasa ba doka ta sa waɗannan magunguna cikin waɗanda sai da takardar likita.

Mafi yawan ƙurajen samari da 'yan mata maganin shafawa ya ishe su. Benzoyil feroksaid yana kashe ƙwayar ƙurajen, kuma ba a san ta da iya bijire masa ba; aibinsa busar da fata da cinye launin hijabi da rigar filo. Adafalin yana buɗe ramukan da suka toshe, sai dai ba na mai ciki ba ne. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi, a bar dirza da soso, a bar matsa da farce, domin a baƙar fata tabon yakan fi ƙurjin daɗewa.

Wanda nasa suka zama manyan ƙullutai masu zafi, ko suka fara huda fata, ya tafi Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, daga nan in da hali a tura shi asibitin koyarwa. Ya tafi da kwalin duk abin da yake sha da kwalbar duk abin da yake shafawa. In an rubuta masa kafso, ya tambayi likita ranar da zai daina kafin ya bar ɗakin.